Tozon Sale Dillali

Laraba: Gagarawa zuwa Gumel

Na fita daga gida ƙarfe biyar da minti ashirin na asuba, bisa ga agogona. Agogon nan yana gaba da na rediyo da minti bakwai, amma tunda shi na fi daɗewa da sani, shi nake gaskatawa. Ku 'yan majalisar gindin maina da kuka baza cewa na tafi Maigatari sayen raƙumi, ga gaskiyar magana a rubuce, da hannun Malam Ilu, wanda ya yi aji uku na elementare, ya kuma shekara talatin yana heluman leburorin hanya. Wanda ya ga kuskure ya fara nuna min tasa takardar makaranta.

Abin da ya fitar da ni saƙo ne daga Hajiya Uwale, matar taubashina Sale Dillali na Sule Tankarkar. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Tun muna yawo ba wando muke gardamar wane ne bawan wani, har yau ba a yanke hukunci ba. Wani direba ne ya kawo saƙon: ƙullutu ya fito wa Sale a bayan wuya, tsakanin kafaɗu, yana ta girma, ya ƙi asibiti, kuma ya shirya da wanzami zai zo ya tsaga masa shi ranar Juma'a mai zuwa da safe. 'Ya'yansa sun yi magana ya kore su. Liman ya yi magana ya ba shi goro ya raka shi bakin ƙofa. Saura ni, don duk faɗin ƙasar Gumel ni kaɗai ne zan zage shi a bainar jama'a ya yi dariya.

Mai ɗakina tana miƙo min buta ta ce, "Malam, ka dai san ba wasa aka kira ka ba."

Na ce, "Da wa'azi ake so ai da ba ni za a aiko wa ba."

A tasha na sami akori-kura ta ɗauko buhunan gero. Saboda furfura aka ba ni gaba, ni da wani mutum da kajinsa uku. Ba mu tashi ba sai shida da kwata, don lokacin wahalar mai ce, sai da direba ya je ya yi ciniki da 'yan bumburutu ya dawo da galan biyu yana zaginsu a ƙasan maƙoshi. Da muka hau hanya na fara yi masa bayani kyauta. Na nuna masa wani kwalbati na ce ni na zuba shi da hannuna tun kafin a haife shi. Ban rufe baki ba motar ta faɗa rami, kaina ya gaisa da rufi.

Direba ya ce, "Wannan ma kai ne, Baba?"

Na ce, "Wannan na waɗanda suka gaje ni ne. Kai dai riƙe sitiyari."

Mun shiga Gumel bakwai da rabi. Na sha koko da ƙosai na naira biyar a bakin tasha. Kokon ya yi ruwa, amma mai kokon tana da fara'a, na yafe.

Sule Tankarkar

Kiya-kiyar Sule Tankarkar ta cika tara saura kwata. Tafiyar ba ta kai mil goma sha biyar ba a lissafina, amma mun tsaya sau shida, sau ɗaya don wata tsohuwa ta tuna ta bar tunkiyarta a ɗaure a tasha. Goma da minti goma na yi sallama a ƙofar gidan Sale.

Ba ya nan. Tun da sassafe ya wuce Maigatari don ya tarbi shanun da ke shigowa daga Damagaram kafin kasuwar Alhamis. Hajiya Uwale ta shimfiɗa min tabarma a zaure, ta kawo fura, ta zauna daga bakin ƙofa.

Na ce, "Ina bawan nawa ya gudu?"

Ba ta yi dariya ba, ita da ta saba rama masa. Ta ce, "Ɗan'uwan naka ya daina kwanciya rigingine. Wata huɗu ke nan. Bara kamar goro yake, yanzu ya fi tafin hannuna. Kuma ka san abin da yake cewa? Wai tozo ne."

Na ajiye ludayi. "Wane irin tozo?"

"Irin na shanu. Wai shekara arba'in yana cikinsu, Allah ya ba shi ladansa. In ka ce ciwo ne sai ya ce taɓa ka ji ɗumi, dubi jijiyoyi, abin da jini ke gudu a cikinsa lafiyayye ne."

A nan ya kamata in yi wa waɗanda ba su san kara ba, wato kasuwar dabbobi, bayani, don ilimi ba a rowarsa. Dillali idan zai duba sa, fatar ido yake janyewa, ya ɗaga leɓe. In ya ga ja, jini na gudu, ya ce lafiya. In ya ga fari fat, ya ce a kai kasuwa ta gaba. Sannan ya dafa tozo, in ya cika hannu ya ce sa ya ƙoshi. Da wannan awon Sale ya ci abinci, ya aurar da 'ya'ya, ya je Makka. To shi ne ya juyo da awon a kansa, ya ba kansa maki ɗari.

Bayan azahar na nemi wanzamin, Mati, na same shi yana wasa aska a gindin bedi. Na shirya masa faɗa tun daga mota, sai na tarar ya fi ni damuwa.

Ya ce, "Malam Ilu, sau ɗaya na kafa masa ƙaho a wurin, da azumin bana ya wuce. Tsaga uku kawai na yi, ƙanana. Jinin nan ya ƙi tsayawa har aka kira la'asar. Ni gado na yi, ban taɓa ganin haka ba. Shi kuwa murna yake, wai dubi ƙarfin jini. Yanzu ya ce in buɗe shi sosai in rage masa nauyi."

"Ka ce ba za ka yi ba mana."

"In na ƙi, wani zai nemo daga ƙauye, wanda bai ga abin da na gani ba. Shi ya sa na ce masa sai Juma'a. Ni na ba Hajiya shawarar a kira ka."

Na kwana a zauren Sale. Tuwon gero miyar kuka, da man shanu har yana kwaranya. Sauron gidan sun yi kama da maigidan, ba sa jin magana.

Alhamis: Maigatari

Shida daidai na sami motar shanu da ke tafiya wayam za ta ɗauko kaya. Muka koma ta Gumel, muka miƙe arewa, mil goma sha huɗu. A shingen da ke gaban gari wani ma'aikaci ya leƙo.

"Baba, me aka ɗauko?"

"Zagi ne, ɗana, zan kai wa wani."

Ya ce, "Wannan ba ya cikin takardarmu. Allah ya kiyaye hanya."

Takwas da kwata muka sauka. Wanda bai ga karar Maigatari ranar Alhamis ba kada ya ce min ya ga dabba. Raƙuma gefe guda suna kallon mutane kamar sun raina mu, shanu masu ƙaho kamar a shanya wanki, Buzaye da rawani, Fulani da sanda, mutanen Damagaram suna lissafi da sefa, 'yan Kudu suna jiran a cika musu tirela. Ban sha wahalar nemansa ba. Muryar da ta fi ta kowa na bi.

Na hango shi daga baya. Babbar rigarsa ta ɗage ta baya kamar ya goya ƙwarya. Na tsaya na gyara hula, sannan na je na damƙi wuyan rigarsa na ɗaga murya.

"Jama'a, ga sa na kawo! Tsoho ne, haƙora sun zube, ba ya noma, sai ci da kuka. Amma ku dubi tozo! Wa zai taya?"

Ya juyo ya gan ni, ya washe baki. "La ila! Wa ya kwance wannan? Jama'a, bawan gidanmu ne, kansa ba daidai ba, tun da kwalta ta dafa masa ƙwaƙwalwa."

Kafin ka ce me, dillalai sun kewaye mu. Kowa ya san wasan taubasai, ba mai shiga tsakani, sai dai a ƙara wuta. Wani ya ce ya saya naira biyu. Na ce albarka. Wani Badamagare ya ce dala ɗaya ta sefa, in an haɗa masa da hular. Na ce albarka, hular ta fi san daraja. Niyyata in yi ta yi har kunya ta kama shi in ja shi gefe. Ashe ban san mutumina ba. Sale ya tuɓe riga da kansa, ya juya wa jama'a baya, yana bubbuga abin.

"Ku taya da kyau! Ku dubi jijiya! Wane sa ne a karar nan yake da jini haka?"

Nan na gan shi da idona. Fatar ta miƙe tana sheƙi, jijiyoyi sun yi rassa a kai, shuɗɗa-shuɗɗa, sun taho daga kafaɗa da wuya duk sun nufi wuri guda.

Cikin masu dariya akwai wani dattijon mahauci, Ɗan'azumi, wanda ya shekara ashirin yana sayen shanu a hannun Sale. Allah shaida ban haɗa baki da shi ba. Ya matso yana dariya, ya ɗora hannu kamar yadda ake dafa sa. Ya danna. Ya zagaya da yatsa. Sai dariyar ta bar fuskarsa.

Na ce, "Sarkin fawa, nawa ka taya?"

Ya ce, "Ni ban taya ba."



Sale ya ce, "Kai Ɗan'azumi, wasa ake."

"Na sani, Alhaji. Amma kai daga waje kake ganin dabba, ni nake buɗe ta. Tozo kitse ne. In na yanka shi da ƙyar jini ke ɓata min wuƙa. Wannan mai tauri, mai jijiyoyi kewaye da shi kamar saiwa, na sha samun irinsa. In na same shi yankewa nake in binne, ko kare ba na ba."

"To ni dabba ce?"

"Kai ka ce a taya."

Sale ya fara laluben hannun riga. Sai wani dillali daga baya ya ce, "Alhaji, an ambaci aibi a gaban shaidu." Wani ya karɓa, "Kuma kai ka koya mana. Dabbar da aka ambata wa aibi, ba sayarwa ba yanka, sai wanda ya sani ya duba." Ashe a karar nan Sale ne mai tsananin wannan ƙa'ida. Ya sha ɓata cinikin mutane a kanta, har da na surukinsa. Badamagaren nan ya ce, "Sai a kai shi wurin lokotoro," wato likita.

Sale ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya dube ni. Ya ce, "Zan je. Ba don ciwo ba. Don in dawo in ƙaryata mahaucin nan a nan inda ya tsaya. Amma sai an tashi kasuwa, ina da shanu goma sha ɗaya a hannu."

Na wuni ina bin sa kamar jela. Ya sayar da tara. Muka ci tsire a wurin Ɗan'azumi, ba su yi wa juna magana ba, amma naman Sale ya fi nawa yawa. A gidan mai masaukinsa muka kwana, na shimfiɗa tabarmata a bakin ƙofa, na sa takalmansa a ƙarƙashin matashina.

Juma'a: Gumel

Bakwai saura minti biyar muka hau tasi. A daidai lokacin da ya kamata Mati ya zo da askarsa, mu muna kan benci a asibiti da kati a hannu. Goma da rabi aka kira mu. Likitan matashi ne, Dakta Bitrus, mutumin Filato, Hausarsa garau sai dai ƙ da k duk ɗaya ne a wurinsa. Ya gaishe mu har da ɗan rusunawa, ya ce majinyaci kaɗai. Na ce ni ne mai shi. Ya bar ni.

Ya daɗe yana dubawa. Ya auna da tef irin na tela, ya lalubi hammata da wuya, ya yi tambayoyi. Sale ya ba shi lacca a kan jini da lafiya, ya saurara har ƙarshe.

Sannan ya ce, "Baba, a kan ido da dasashi kana da gaskiya, mu ma nan muke dubawa. Amma wannan daban ne. Kowane nama a jiki sai jini ya kai masa abinci. Ƙari idan ya fara, ɗan mitsitsi ne kamar ƙwayar gero, kuma in bai sami jijiyar jini tasa ba, nan zai tsaya. To sai ya riƙa fitar da wani sinadari, kamar aike, yana kiran jijiyoyin da ke kusa su yi reshe su zo gare shi. In sun zo ya ci ya girma, ya ƙara aikawa."

Na ɗaga hannu kamar a aji uku. "Likita, dakata. Wato ƙauye ne ya rubuta takardar koke a yi masa hanya."

Ya yi dariya. "Kusan haka."

"Ai na san su! Bukka biyar ce a daji, ba mai zuwa. Ranar da muka kai musu burji, sai ga mai shayi, sai ga mai faci, shekara uku sai ga kasuwa, sai su fara neman a ba su dagaci."

Ya ce, "To haka. Kuma aiken nan ba mugu ba ne a kan kansa. Da shi rauni ke warkewa, da shi jariri ke ginuwa a ciki. Matsalar ita ce in ya fito daga inda bai kamata ba. Masu ciwon sukari ma wani lokaci a cikin ido ake wannan kiran, jijiyoyi su tsiro barkatai su lalata gani. Kuma jijiyoyin da ƙari ke kira aikin gaggawa ne, a karkace suke, bangonsu ba ƙwari, suna yoyo. Shi ya sa da aka tsaga jinin ya ƙi tsayawa. Da an buɗe shi sosai yau a gida, ban san yadda za a tsayar ba."

Na ce, "Hanya ba kwalbati."

Sale ya ce, "Irin aikinka ke nan."

Muka yi dariya mu uku. Ina cikin dariyar wani abu ya faɗo min, irin abin da duk wanda ya yi aikin hanya ya sani. Na so in haɗiye, bakina ya riga ni.

"Likita, hanya fa ba shiga kaɗai ake yi da ita ba. Ana fita."

Ya ajiye biro. Ya ce, "Shi ne abin da ya sa ba na son a jira."

Da Sale ya buɗe baki, muryar kara ta tafi. Ya ce, "Ɗana, ni dillali ne. Ban taɓa ɓoye wa mai saye aibi ba. Kada ka ɓoye min nawa."

"Ba zan ɓoye ba, Baba. Ban san sunansa ba tukuna, sai an ɗebi kaɗan an duba a Kano. Yana iya zama mai sauƙi. Amma saurin girmansa da yawan jijiyoyin nan ba su kwanta min ba. A hammata da wuya ban ji komai ba, wannan abin godiya ne."

"Ba maganin da zai tare ɗan aiken a hanya?"

"Masana a ƙasashen waje suna ta neman sa. Bai iso hannunmu ba. Abin da muke da shi yau shi ne a cire da wuri, a cire duka, a wurin da ke da jinin ƙari da kayan aiki."

Ya rubuta takarda ya sa a ambulan, ya ce Litinin ta yi masa nisa, in da hali gobe.

Bayan an sauko daga masallaci na aika Sule Tankarkar, babban ɗan Sale ya iso da la'asar da jaka da bargo. Muka kwana a gidan wani abokin cinikinsa a Gumel. Asabar ƙarfe bakwai na raka su tashar Kano. Sale ya zauna a gaba, a karkace, don bayansa ba ya son kujera. Direba ya tayar da mota, sai ya miƙo hannu ta taga ya riƙe nawa.

"Ilu, in an buɗe aka tarar ya riga ya fita fa?"

Na lalubi abin tsokana a duk aljihuna, ban samu ba. Na ce, "To sai mu bi shi duk inda ya je. Kai dai je ka."

Ya saki hannuna. Na tsaya har motar ta sha kwana.

Gida

Na sami akori-kura tara da rabi, na sauka Gagarawa sha ɗaya saura kwata. Mai ɗakina ta tambaye ni yaya jikin nasa, na ce yana hannun Allah da na mutanen Kano. Kwana ashirin da uku ba labari. Ku kuka ce na daina surutu a majalisa, har wani ya tambaya ko haƙori ke damuna.

Shekaranjiya da hantsi direban Kano ya tsaya a ƙofar gidana, bai kashe mota ba. Ya ce an yi aiki, an cire, an ƙara masa jini leda biyu. Likitoci sun ce mugun ne, amma iya dubawarsu ba su ga ya je wani wuri ba, zai riƙa komawa ana dubawa. Na ce alhamdu lillahi.

Direba ya ce, "Saura, Baba. Ya ce in faɗa maka da bakinsa: abincin asibiti ba gishiri, kuma duk wanda ya kai mutum asibiti ya gudu ba ɗan halak ba ne. Ka zo ranar Lahadi, ka taho da kantun riɗin Gagarawa, mai sukari sosai, kada ka zo masa hannu rabbana."

Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Godiya ga Mati da ya ja wa askarsa rai, da Ɗan'azumi da ya ƙi tayawa, da likita ɗan Filato, da direbobin da suka ɗauke ni har da wanda ya raina min aiki. Ina rubuta wannan ana soya riɗi a tsakar gida, mudu biyu. Na ce mudu ɗaya ya isa, mai ɗakina ta ce in yi shiru, mutum ya tashi daga wuƙa. Saboda haka ranar Lahadi kada a ajiye min wuri a gindin maina, ina Kano, zan je in ji sauran zagin da kunnena.